Idon Wa Zai Fara Sauka a Wayar Lauya?

Ranar 9 ga Afrilu, 2018, jami'an hukumar FBI suka yi wa Michael Cohen, lauyan Donald Trump, dirar mikiya a ofishinsa da gidansa da ɗakin otal ɗin da yake zaune a birnin New York. Suka kwashe wayoyi da kwamfutoci da tarin takardu. Washegari Trump, yana kan kujerar shugaban ƙasa, ya hau Twitter ya ce sirrin da ke tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi ya mutu. Abokan hamayyarsa suka yi ta dariya, suna cewa mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Bayan shekara bakwai, a 2025, ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Trump ta koma ta buɗe wasu bayanai da aka kwasa tun da daɗewa daga hannun Daniel Richman, malamin shari'a a Jami'ar Columbia, aboki kuma lauyan tsohon shugaban FBI James Comey, don ta gina tuhuma a kan Comey. Nan take waƙa ta juya. Masu dariyar 2018 suka koma kukan an keta alfarmar lauya, masu kukan 2018 kuwa suka yi gum da bakinsu.

Saboda wannan juyin waƙa ne hayaniyar 'yan siyasa a kan batun ba ta cika motsa ni ba. Kowa sai ya leƙa sunan lauyan tukuna kafin ya san ra'ayinsa. Amma ƙarƙashin hayaniyar akwai magana ta gaske. An fi tambaya ko ya halatta a binciki ofishin lauya, kuma amsar wannan a fili take. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da haka tun 1976, a shari'ar wani lauya mai suna Andresen da aka tuhuma da zambar sayar da filaye a jihar Maryland, ni ma ban ga yadda za a ce takardar shaidar lauya ta mayar da ofishi haramin da ba a shiga ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan an ɗora akwatuna a mota: idon wa zai fara sauka a kan kayan, kuma har yaushe za su zauna a hannun gwamnati? A waɗannan wurare biyu ina ganin an sakar wa masu gabatar da ƙara linzami fiye da kima.

Mutane da yawa na zaton wannan sirri wani gata ne da lauyoyi suka yanka wa kansu. Gaskiya kuwa haƙƙin na wanda ya je wurin lauya ne, shi kaɗai ke da ikon ya ce ya yarda a buɗe. Dalilinsa kuma ba mai wuyar ganewa ba ne. Doka ta yi yawa, ta yi sarƙaƙiya, ba mai iya ratsa ta shi kaɗai. Wanda ke tsoron maganarsa za ta fita zai ba lauyansa rabin labari, lauya mai rabin labari kuwa ba ya iya kare mutum, kuma ba ya iya ce masa "kada ka yi, wannan laifi ne." Wannan na biyun shi ake mantawa. Ɓarnar da lauyoyi ke hanawa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba ta zuwa kotu, ba ta shiga jarida, don haka ba wanda ke lissafa ta. Ranar da mutane suka daina sakin jiki da lauyoyinsu, wannan hanin ne zai fara ɓacewa.

Kotun Ƙolin Amurka ta nuna nauyin da take ba wannan haƙƙi a wata shari'a da siyasa ta dabaibaye ta ko'ina. A watan Yuli na 1993, Vince Foster, mataimakin babban lauyan fadar shugaban ƙasa a zamanin Bill Clinton, ya je wurin wani lauya, James Hamilton, neman shawara kan rikicin korar ma'aikatan ofishin tafiye-tafiye na fadar. Hamilton ya rubuta shafi uku na abin da suka tattauna. Bayan kwana tara Foster ya kashe kansa. Mai bincike na musamman Kenneth Starr ya nemi a ba shi shafukan nan uku, hujjarsa ita ce mai sirrin ya rasu. A 1998 kotun ta ƙi, alƙalai shida suka rinjayi uku, ta ce sirrin ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, domin mai rai da ya san za a tone maganarsa bayan an binne shi ba zai faɗe ta ba tun farko. Wanda ya tsaya wa Starr a gaban kotun a ranar wani matashin lauya ne, Brett Kavanaugh, wanda yau yake zaune a kan kujerar alƙalin wannan kotu. A wancan karon 'yan Republican ne ke son a buɗe, 'yan Democrat na cewa a rufe.

To amma ba duk abin da lauya ya taɓa ne ke zama sirri ba, kuma a nan ne Trump ya yi kuskure a 2018. Kariyar ta tsaya ne kan maganar da aka yi a asirce don neman shawarar shari'a. Lauyan da ke dillancin gidaje, ko kai saƙon kuɗi, ko shirya wa maigidansa hulɗa da 'yan jarida, ba aikin lauya yake yi ba a lokacin. Alƙaliya Kimba Wood ta naɗa wata tsohuwar alƙaliyar kotun tarayya, Barbara Jones, ta tantance kayan Cohen kafin masu bincike su gani. Abubuwan da aka kwasa sun haura miliyan 4. Waɗanda ta samu suna ƙarƙashin kariyar 7,000 ne da 'yan kai. Sauran duk harkokin kasuwanci ne da na yau da kullum. A watan Agusta na shekarar Cohen ya amsa laifuka takwas, ciki har da keta dokar kuɗin yaƙin neman zaɓe wajen biyan wata 'yar fim, Stormy Daniels, dala 130,000 don ta yi shiru kan alaƙar da ta ce ta yi da Trump, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara uku. Sirrin bai mutu ba. Cohen ne bai cika yin aikin da sirrin ke rufawa ba.

Akwai kuma wata ƙofa, wadda ta fi kowace jawo rigima. In mutum ya nemi lauya don ya taimaka masa aikata laifi ko zamba, kariyar ta faɗi. Wanda ya gaya wa lauya laifin da ya riga ya yi, doka ta rufa masa asiri. Wanda ya nemi lauya ya tsara masa laifin gobe, ba ta san shi ba. Da wannan ƙa'ida alƙali David Carter na Kalifoniya ya yi aiki a watan Maris na 2022, lokacin da kwamitin majalisar wakilai mai binciken harin da magoya bayan Trump suka kai wa ginin majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairu, 2021, ya nemi saƙonnin imel na John Eastman, lauyan da ya tsara dabarar cewa mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence zai iya ƙin ƙirga ƙuri'un wasu jihohi. Carter ya karanta takardu 111 da kansa, ya ce a miƙa 101. Abin lura, guda ɗaya tak ya buɗe da hujjar shirya laifi, sauran ya ga tun asali ba su cancanci kariya ba. Bayan shekara guda alƙaliya Beryl Howell ta bi wannan ƙofa ta tilasta wa Evan Corcoran, wani lauyan Trump, ya ba da shaida ya kuma miƙa bayanan da ya ajiye a shari'ar takardun sirrin da aka samu a Mar-a-Lago, gidan Trump da ke jihar Florida.

Mutum na iya yarda da waɗannan hukunce-hukunce, yana kuma iya ƙin su. Ni abin da na riƙe daga cikinsu shi ne yadda aka bi. A duka biyun ba a kwashe takardun da samame ba, nema aka yi, masu su suka ƙi, aka je gaban alƙali, kowa ya faɗi nasa, alƙali ya karanta shi kaɗai, sannan ya yanke. Kotun Ƙoli ta shimfiɗa wannan hanya tun 1989: mai neman a buɗe sai ya fara kawo abin da zai sa mai hankali ya yi zargin an haɗa baki da lauya, sannan alƙali ya duba a keɓe. Mai zargi ba ya ganin komai sai an ba shi.

Da zarar an koma ga samame, wannan tsari ya kife. Takardar izinin bincike ana samo ta ne a ɓoye, mai gabatar da ƙara da alƙali kawai, ba wanda zai tsaya wa lauyan ko waɗanda yake wa aiki. Ana kwasar komai, domin ba a iya yanke rabin waya a bar rabi. Sannan ma'aikatar shari'a ta haɗa wata tawagar tacewa: wasu masu gabatar da ƙara da jami'an bincike waɗanda ba sa cikin shari'ar, su karanta kayan, su ware na sirri, su miƙa wa abokan aikinsu sauran. Ana cewa akwai katanga tsakanin ɓangarorin biyu. Amma ma'aikata ɗaya suke, shugaba ɗaya, albashi daga aljihu ɗaya, wani lokacin ma gini ɗaya. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta faɗi ra'ayinta kan wannan tsari a 2006, kuma abin da ta faɗa bai wuce an ba kura ajiyar nama ba. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba. Mai gabatar da ƙara, komai gaskiyarsa, da idon mai gabatar da ƙara yake karatu. In takarda ta tsaya a kan iyaka, ya san ɓangaren da zuciyarsa za ta karkata. Kuskure ma na faruwa: a shari'ar Manuel Noriega, tsohon shugaban mulkin soja na Panama, faifan hirarsa da lauyoyinsa sun kuɓuce sun isa hannun waɗanda bai kamata su ji ba. Abin da ido ya gani kuwa ba a ce masa ya manta. Ko an hana kawo takardar a gaban kotu, mai bincike ya riga ya san wa zai tambaya da inda zai tona.

Shari'ar da ta fi nuna min girman matsalar ba ta da alaƙa da Trump ko Clinton. A watan Yuni na 2019 jami'an tarayya suka shiga wani kamfanin lauyoyi a Baltimore, suna binciken lauya guda kan hulɗarsa da mutum guda. Suka kwafe akwatin imel ɗinsa gaba ɗaya, saƙonni wajen 52,000. Waɗanda suka shafi mutumin da ake nema 116 ne. Sauran fiye da 51,000 na wasu mutane ne daban, cikinsu har da waɗanda ofishin masu gabatar da ƙara na tarayya a jihar Maryland, wato ofishin da tawagar tacewar ta fito, ke bincika ko yake tuhuma a wasu shari'o'i. Ka yi tunanin mutumin da ya zauna ya zayyana wa lauyansa yadda zai kare kansa, sai ga wasiƙar a gaban ma'aikacin ofishin da ke neman ɗaure shi, alhali ba shi ake bincike ba, bai ma san an yi ba. A watan Oktoba na shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta dakatar da tacewar, ta ce yanke hukunci kan abin da ke sirri aikin alƙali ne, ba a ara wa ɓangaren zartarwa. Sai dai hukuncin ya tsaya ne a jihohin da ke ƙarƙashin wannan kotu. A wasu yankunan kotuna sun ci gaba da amincewa da tawagar tacewa, wasu da gyare-gyare. Ke nan kariyar da mutum zai samu ta danganta da garin da lauyansa ya kama ofis.

Waɗannan mutane na gefe su ake mantawa da su a duk rigimar. Ko a shari'ar Cohen, mako guda bayan samamen, kotu ta tilasta a ambaci sunan mutum na uku da Cohen ya ce yana wa aiki, sai ga sunan Sean Hannity na tashar Fox News a bainar jama'a. Hannity ya ce shawarar gidaje kawai ya taɓa nema. Shi yana da tasha da makirufo, ya kare kansa a daren. Na Baltimore ba su da ko ɗaya.

Masu goyon bayan gwamnati suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, in aka aika wa lauya sammaci ya kawo takardu da kansa, an ba shi lokacin ɓatar da su. Wannan gaskiya ne. A kayan Cohen har da abin da aka kwaso daga injin yayyaga takarda, jami'ai suka zauna suka harhaɗa shi. Don haka ban ce a hana samame ba. A kwasa, a rufe, a buga hatimi, a kai kotu. Tsoron ɓatar da shaida ya ƙare daga lokacin da kayan suka bar hannun mai su, ba ya zama dalilin a fara karantawa. Na biyu, mai tantancewa na kotu yana cin lokaci da kuɗi, kuma mai kuɗi na iya mayar da shi dabarar jan ƙafa. An ga haka a 2022, lokacin da alƙaliya Aileen Cannon ta naɗa Raymond Dearie ya tantance takardun Mar-a-Lago, bincike ya samu tsaiko, har sai da kotun ɗaukaka ƙara ta soke naɗin a farkon Disamba. Amma Mar-a-Lago gidan wanda ake bincike ne, ba ofishin lauya ba, babu ɗaruruwan bayin Allah da asirinsu ke cikin akwatunan. Kuma jinkirin da ake tsoro bai kai yadda ake zuzuta shi ba: Barbara Jones ta gama da abubuwa miliyan 4 cikin wata huɗu, shari'ar kuma ba ta rushe ba. Hasali ma ta ƙara ƙarfi, domin ba wanda ya iya cewa daga baya an gina ta a kan abin da aka leƙa ba bisa ƙa'ida ba. Shi ya sa a 2021, da aka kwashe na'urori 18 daga gida da ofishin Rudy Giuliani, shi ma lauyan Trump, kan binciken hulɗarsa da Yukiren, masu gabatar da ƙara da kansu suka roƙi kotu ta naɗa mai tantancewa, aka sake ɗauko Jones. In sun san amfaninsa a shari'ar da duniya ke kallo, me ya hana ya zama doka a wadda ba mai kallo?

Labarin Giuliani na da wani gefe da ya fi samamen tayar da hankali. Bayan an shiga gidansa ne aka sanar da shi cewa tun 2019 gwamnati ta karɓi abin da ke ma'ajiyarsa ta iCloud a ɓoye, a daidai lokacin da yake lauyan shugaban ƙasa ana shirin tsige shugaban karo na farko. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba, ba a ɗauki akwati ba, takarda kawai aka kai wa kamfani. Tawagar tacewa ta yi aikinta ba tare da shi ko wanda yake wa aiki sun sani ba. Da ya nemi a mayar masa, alƙali J. Paul Oetken ya ƙi. A Nuwamba 2022 masu gabatar da ƙara suka sanar da kotu ba za su tuhume shi da komai ba a wannan bincike. Ba sai mutum na ƙaunar Giuliani ba, ni ma ba na cikin masu yi masa waƙa, kafin ya ga cewa yanzu ofishin lauya ba ɗaki ba ne mai ƙofa. Yana kan na'urorin Apple da Google da Microsoft, ana iya kwashe shi kaf mai shi na barci. Duk wata kariya da aka gina kan zaton lauya zai ruga kotu ya ce a dakata ba ta da amfani in bai san an shiga ba.

Sai batun ajiya, wanda shi ne shari'ar Richman ta bankaɗo. An karɓi bayanansa, na kwamfuta da imel da ma'ajiyar intanet, da takardun izini na 2019 da 2020, a binciken fitar da bayanan sirri ga 'yan jarida. Binciken ya ƙare ba a tuhumi kowa ba. Bayanan kuwa suka ci gaba da kwana a hannun gwamnati. A Satumba 2025, ana saura kwanaki wa'adin shekara biyar na tuhumar Comey kan shaidar da ya bayar a majalisar dattawa a 2020 ya cika, jami'ai suka koma suka buɗe su, suna neman wani laifi daban na wani mutum daban, ba tare da sun nemi sabon izini ba. Richman kuwa ya zama lauyan Comey bayan an kori Comey a 2017, don haka ba abin mamaki ba ne a ci karo da maganar lauya da wanda ya ɗauke shi a ciki. An tuhumi Comey ranar 25 ga Satumba. A Nuwamba wani alƙali a jihar Virginia, William Fitzpatrick, ya soki yadda aka yi da kakkausar murya. Tuhumar ta faɗi a watan ne saboda wani dalili daban, wato an naɗa mai gabatar da ƙarar, Lindsey Halligan, ba bisa ƙa'ida ba. A Disamba alƙaliya Colleen Kollar-Kotelly ta yanke cewa an keta haƙƙin Richman da gyara na huɗu na kundin tsarin mulki, mai hana bincike da ƙwace ba bisa ƙa'ida ba, ya ba shi, ta ce a mayar masa da kayansa, ta bar damar a ajiye kwafi a rufe a hannun kotu, wanda in gwamnati na so sai ta nemi izini yadda doka ta ce.

Hukuncin nan daidai ne, kuma zai zama daidai ko da sunan da ke kansa Eastman ne ko Giuliani. Takardar izinin bincike izini ce ta neman abu kaza, a wuri kaza, saboda laifi kaza. In aka bar gwamnati ta riƙe kwafin rayuwar mutum gaba ɗaya, ta riƙa komawa duk lokacin da sabon shugaba ya zo da sabon abokin gaba, to an dawo da irin izinin bincike na gama-gari da Turawan Ingila suka riƙa amfani da shi a kan mazauna Amurka, wanda don a kashe shi aka rubuta gyara na huɗu. Kotun Ƙoli ta ce a 2014 wayar hannu ta ƙunshi sirrin rayuwar mutum fiye da abin da za a samu in an birkice gidansa. Wayar lauya kuwa rayuwar mutane da yawa ce. Kuma neman izini na biyu ba wani dutse ba ne. Da jami'ai suka tare Eastman yana fitowa daga gidan cin abinci a jihar New Mexico ranar 22 ga Yuni, 2022, suka karɓe wayarsa, ya kai ƙara a mayar masa bai yi nasara ba, amma masu bincike sun koma wurin alƙali sun karɓo izini na biyu kafin su shiga cikinta. Abin da aka iya yi a 2022 ana iya yin sa a 2025. An dai ƙi ne, ko gaggawa ta hana.

Wasu ƙasashen sun daɗe da ɗaure wannan da doka. A Faransa ba a binciken ofishin lauya sai alƙali ya zo da kansa, kuma shugaban ƙungiyar lauyoyin yankin ko wakilinsa na tsaye. In ya ƙi a ɗauki wata takarda, sai a rufe ta a kai wa wani alƙalin daban ya yanke. Kotun Ƙolin Kanada ta soke wani sashe na dokar manyan laifuka a 2002 saboda yana barin sirrin mutum ya zube don kawai lauyansa bai yi hanzarin neman kariya ba. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kama Jamus da laifi tun 1992 kan binciken ofishin wani lauya da izini mai faɗin gaske. Kuma wannan bai mayar da lauyoyi shafaffu da mai ba. A Faransar ce aka saurari hirar tsohon shugaba Nicolas Sarkozy da lauyansa Thierry Herzog a wani layin waya da suka buɗe da sunan bogi, aka same su duka biyu da laifin cin hanci a 2021, duk da ƙorafin da lauyoyin ƙasar suka yi kan sauraron.

Amurka kuwa mafi yawan ƙa'idojinta a kan wannan suna cikin littafin aiki na ma'aikatar shari'a ne. Littafin ya ce a fara gwada hanya mafi sauƙi, a samu amincewar manya, a tuntuɓi hedikwata, a kafa tawagar tacewa. Kalamai ne masu kyau, amma ma'aikatar ce ta rubuta wa kanta, ita ke iya sauya su, kuma littafin da kansa ya ce bai ba kowa haƙƙin kai ƙara ba in an saɓa masa. Kariyar da ta dogara da halin wanda ke riƙe da ma'aikata tana tafiya ranar da ya tafi. Abin da ya kamata majalisa ta rubuta bai da yawa. Duk abin da aka kwasa daga lauya, a ofis ne ko a intanet, ya tafi hannun kotu a rufe. Alƙali ko wanda ya naɗa ya tantance, a ji ta bakin lauyan, in kuma binciken na ɓoye ne a naɗa wani lauya mai zaman kansa ya tsaya wa masu sirrin. Abin da bai shiga izinin ba a mayar ko a goge cikin wa'adi sananne. Wanda ke son sake dubawa ya sake neman izini. Jam'iyyun biyu kowace ta ɗanɗana zafin rashin wannan doka, kuma kowace ta samu rinjayen da za ta yi ta, ba ta yi ba, don mai mulki ba ya son ɗaure hannun da yake amfani da shi.

Na san abin da za a ce: alƙalai ma ai shugabanni ke naɗa su, kuma an ga waɗanda suka karkata. Haka ne, ba na musu. Amma alƙali in ya yanke sai ya rubuta dalili, ya sa hannu, ɓangare biyu su karanta, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Cannon ta yi naɗin da bai dace ba, alƙalai uku na sama da ita, dukansu shugabannin Republican ne suka naɗa su, biyu ma Trump ne da kansa, suka warware shi cikin wata uku. Jami'in tawagar tacewa in ya miƙa takardar da bai kamata ba, babu hukuncin da aka rubuta, babu sunan da aka sa, kuma sau da yawa mai sirrin ba zai taɓa jin an yi ba, balle ya san kotun da zai nufa.